Ajiyar Kwana Biyu

Shekarar da gwamnati ta yi wa ma'aikata ƙarin albashi har da cikon na baya, ita ce shekarar da na rabu da motar Alhaji Sale, kuma a cikinta na rasa gaisuwarshi. Waɗanda suka yi wayo a lokacin ba su manta ba. Kuɗin mai ya shigo ƙasa, malamin makarantar boko da jiya yake tafiya a ƙasa ya wayi gari da babur, kasuwar Ƙanƙara ta cika da rediyo da katifa da kwanon rufi, har tsohuwar da ba ta taɓa ganin ƙofar ofis ba ta ƙara wa daddawarta kuɗi ta ce ita ma ƙarin ya iso ta. Kowa na neman sabo. Ni kaɗai a ƙasar nan nake neman yadda zan yi da tsoho.

Na san abin da ake faɗa muku, ku 'ya'yana. Ana cewa babanku ya ja mushen mota da shanu ya je ya tozarta amininshi a gaban manyan mutane, mutumin da ya taɓa ceton ran mahaifiyarku. Rabin maganar gaskiya ce, shi ya sa ta daɗe. Tun da Allah ya ara mani kwana, bari in rubuta muku ɗaya rabin.

Ni da Sale tare muka tashi a unguwarmu ta bayan Mabai, ƙetaren rafi. Ni na bi allo, shi ya bi ƙarar inji. Ya yi yaron mota shekaru har ya samu tashi ta kanshi, wata tsohuwar a-kori-kura mai sitiyari a dama, wadda ba ta tashi sai an tura, in ta tashi kuma ba ta son tsayawa. Akwai wani kuka da ƙafarta ta baya ke yi, ƙii-ƙii, kamar an taka wutsiyar ɗan kwikwiyo, tun daga nesa mata ke sanin Sale ya shigo gari. A cikinta aka ɗauki innarku lokacin haihuwar babbanku, da naƙuda ta yi tsanani ungozoma ta ce abin ya fi ƙarfinta. Tsakiyar damina ce, rafi ya kawo, babu direban da zai yarda ya sa motarshi. Sale ya sa tashi. Ruwa har cikin kujera, amma ya fitar da mu, ya kai mu asibiti, aka samu uwa aka samu ɗa. Na kawo mashi tunkiya, ya kore ni da ita. Ku riƙe wannan, don shi ne igiyar da aka ɗaure ni da ita daga baya.

Da aka juya hannun tuƙi a ƙasa, motoci suka koma bin dama, sai masu sitiyari irin na Sale suka zama abin gudu, ba mai son saye. Shi kuma a lokacin ƙofa ta buɗe mashi. Ya fara ɗauko katako daga dajin Sabuwa yana kai wa masu kwangilar gina makarantu, kafin a jima shi ma ya zama ɗan kwangila, ya sayi babbar mota sabuwa, ya koma Ƙanƙara da zama. Wata safiya ina zaure ina rubutu sai na ji ƙii-ƙii, aka turo tsohuwar har jikin katangata, daidai inda ruwan gidana ke fita.

"Malam, ka ajiye mani wannan kwana biyu, kafin in samu wuri."

"Tau, Sale. Allah ya kai mu."

Iyakar abin da na ce ke nan. Da na san abin da ke cikin wannan "tau", da na ce ina azumin magana.

Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Tayoyi suka sace, mota ta durƙusa kamar raƙumin da ya ƙi kaya. Kajin innarku suka mai da kujerar gaba akurki. Rina ta yi gida a rufin. Gafiya ta haƙa rami ƙarƙashi, daga nan take shiga rumbuna cin gero, ta dawo ta kwanta abinta. Wanda duk zai kwatanta gidana ya daina cewa gidan Malam, sai ya ce gidan da ke da matacciyar mota. Abin da ya fi ci mani rai shi ne, ni da na fi kowa ƙin ganinta, ni ne mai gadinta. Don ajiya amana ce, kuma abin da muka karanta a fiƙihu bai bar wata kafa ba: ba ka sayarwa, ba ka kyauta da ita, ba ka bari ta tozarta da ganganci, sai ka mayar da ita ga mai ita ko shi ya sallama da bakinshi. Saboda haka da matan maƙwabta suka cire madubin gefe suka kai ɗakin amarya, ni na bi gida gida da girmana ina neman madubi. Da wani ya yanke robar taya zai yi takalmi, ni na tsare shi a masallaci. Mutum na gadin abin da yake addu'ar Allah ya raba shi da shi.

Na je wurin Sale ba sau ɗaya ba. Yanzu ya je Makka ta jirgi ya dawo, ya zama Alhaji, da haƙorin Makka da agogo mai ƙyalli. Kullum zai tarbe ni da fara'a, a kawo lemun kwalba, a kawo nama, in na ɗauko maganar mota sai ya ce gobe, ko jibi, ko in an gama wannan kwangilar. Sai rannan na ƙi shan lemun, na ce ba zan tashi ba sai na ji dalili. Ya kori yaranshi daga falo, ya rage murya.

"Malam, kai ba baƙo ba ne. Akwai wani mutum can cikin dajin Sabuwa, ya duba mani. Ya ce arzikina a cikin motar nan yake. Kar in sayar, kar in kyautar, kar kuma in ajiye ta kusa da sabbin, don za ta yi masu baƙin ciki. Ya ce in kai ta inda ake karatun Alƙur'ani dare da rana."

"Wato ni ne inda."

"Wa ya fi ka?"

"Alhaji, ka ji tsoron Allah. Arziki a hannun Allah yake, ba a cikin akurkin kajin matata ba. Ka je Ɗakin Allah ka dawo, sa'an nan wani mai zane ƙasa ya tsorata ka da ƙarfe mai tsatsa?"

Ya yi dariya har yana buga cinya. "Alaramma ke nan! Tau in ba komai a ciki, mene ne naka na damuwa? Ta ci maka tuwo?"

"Tana ci mani gero."

"Zan aiko maka da buhu."

Ya kuwa aiko. Na mayar. Ba gero na je nema ba.

Daga nan na shiga neman dabara, kuma babu wadda ban gwada ba cikin abin da shari'a ta yarda. Na farko na ce bari a gyara ta, in ta tashi da ƙafarta in sa a kai mashi, ba wanda zai ce na wulaƙanta kayan mutum. Na ɗauko wani bakanike daga Faskari wanda ake cewa ko gawar inji ya taɓa sai ta yi tari. Ya zo da jakar kayan aikinshi, ya ɗaga murfin gaba, gafiya ta yi tsalle ta bi ta tsakanin ƙafafunshi. Ya daɗe yana leƙe, ya sa hannu ya zaro wata igiyar wuta da ɓeraye suka cinye, ya jefar, ya rufe murfin a hankali kamar mai rufe fuskar mamaci.

"Malam, ku ne masu salla. Ni nawa ya ƙare."

Na je wurin Mai Unguwa, na ce ya sa baki. Ya ce shi bai ga laifin da mota ta yi ba, tana zaune lafiya ba ta zagi kowa ba, kuma Alhaji ne ya yi wa masallacinmu rufin kwano, da wane baki zai aika mashi sammaci? Na je wurin malaminmu na Mabai, wanda na yi karatu a gabanshi, ina fatan ya samo mani wata ƙofa a littafi. Ya saurare ni har ƙarshe, ya yi murmushi, ya ce ƙofa ɗaya ce kuma na san ta: a mayar wa mai abu abinshi. Na ce ya ƙi karɓa. Ya ce wannan kuma tsakaninku ne, kowa ya ci ladan kuturu ai sai ya yi mashi aski.

Sai Audu Maƙeri na Mairuwa, wanda ke zuwa cin kasuwa ta wajenmu. Shi wannan tun da ya ɗora ido a kan motar ya kasa wucewa. Duk zuwa sai ya tsaya ya zagaya ta yana shafawa, yana lissafi da baki kamar mahauci a gaban sa.

"Malam, ka ga wannan ƙarfen na ƙasa, mai lanƙwasa? Garma ce wannan, da fartanya, da wuƙaƙen da jikokinka za su gada. Bodin nan murhu ne da kaskon tuya. Robar cikin taya guga ce. Wallahi zunubi ne a bar wannan albarka ƙasa na ci."

"Ba tawa ba ce, Audu."

"Tau ka juya baya mana. Ka shiga zaure ka ja Baƙara, kafin ka kai ƙarshe ba ka ganin ko ƙusa."

Allah ya sani na yi sha'awar maganar nan kamar yadda mai azumi ke sha'awar randa. Na ce mashi a'a. Innarku, da take jin mu ta bayan katanga, ita ma tana da tata fatawar. Ta ce ai in yara suka ƙona sharar bayan gida iska ta kwaso wuta, ba wanda ya sa ta. Na ce wanda ya tara sharar a jikin mota shi ya sa ta. Ta ce tau a haƙa rami a binne, in Alhaji ya zo a nuna mashi kabarin. Na ce ta bar ni in ji da abu ɗaya.

A daminar shekarar ƙarin albashin ne abin ya wuce wasa. Motar ta nutse a ƙasa har ta toshe hanyar ruwa gaba ɗaya. Aka yi wani ruwa mai ƙarfi, ya rasa mafita, ya koma cikin gida ya kwanta a gindin rumbu, da gari ya waye rumbun ya kife, geron da muke lallaɓawa ya kai mu kaka ya jiƙe ya fara tsiro. Ban gama da wannan ba, sai ɗiyata Hadiza, tana 'yar ƙarama lokacin, ta sa hannu ƙarƙashin kujerar mota za ta kwaso ƙwai. Allah ya sa kazar ce ta fara yin tsalle. Kububuwa ce kwance a wurin, ta sari kazar a maimakon hannun yarinya. Kafin a kawo sanda kazar ta mutu. Innarku ta ɗauko mushen ta ajiye a gabana cikin zaure, abin da ba ta taɓa yi ba, ta shigo zaure da rana ido na ganin ido.

"Malam, motar nan ta ceci raina, ban musa ba, kuma ban manta ba. Amma ba ta cece ni don ta kashe mani ɗiya ba. Ko ita ta bar ƙofar gidan nan, ko ni in kwashe yara mu koma Mabai, ku zauna kai da ita."

Na aika wa Alhaji saƙo da bakin mutum mai hankali, aka gaya mashi zancen rumbu da zancen maciji. Amsar da ta dawo ita ce ya jajanta, kuma zai aiko da maganin maciji a zuba. Ranar na yanke shawara. Tun da ƙofa ɗaya ce, zan bi ta.

Na jira aka yi kaka, ƙasa ta bushe, rafi ya janye. Muka haƙe ƙasar da ta riƙe ta, muka cusa wa tayoyin ciyawa da tsumma har suka ɗan tashi, na mayar da madubin da na karɓo na ɗaure shi da igiya a mazauninshi, don kada a ce na mayar da amana da giɓi. Na ɗaura mata shanun huɗata, na aro na maƙwabci na ƙara. Ana bukatar mai riƙe sitiyari, Audu Maƙeri ya ce shi zai riƙe ko ba a biya shi ba. Na san ba don Allah ya zo ba, ungulu ce ke bin rakiyar mara lafiya, amma ba ni da wani. Muka kama hanyar Ƙanƙara bayan sallar asuba, ni a gaba da tsumagiya, shanu na nishi, Audu a zaune cikin mota ya sa hularshi a karkace kamar wani Gwamna, yana ɗaga wa mutane hannu. Ƙafar baya kuwa ba ta manta kukanta ba. Ƙii-ƙii, ƙii-ƙii, duk ƙauyen da muka ratsa sai an fito kallo. Sabbin motoci na wuce mu suna hon, wani direba ya leƙo ya ce, Malam, a ƙara mata mai!

Yanzu ga wurin da nake so ku buɗe kunne. Ban san Alhaji na walimar buɗe sabon gidanshi a ranar ba. Ban sani ba domin ba a gayyace ni ba. Da an aiko mani da goron gayyata kamar yadda aka aika wa Mai Unguwa, da na san ranar, da na zaɓi wata. Masu cewa na auna ranar ne, su tambayi kansu yadda mutum ke auna abin da aka ɓoye mashi.

Muna karyo kwanar layin, bayan azahar, sai na ga rumfuna, da tabarmi, da manyan riguna, da sabbin motoci jere suna ƙyalli. Na so in juya. Amma shanu huɗu da mota marar birki a layi mai gangara ba su san juyawa ba. Audu na ta ihu yana taka abin da babu, muka gangara a hankali, ƙii-ƙii, har gaban rumfar manyan baƙi, nan shanun suka ga dama suka tsaya. Sai wata kaza da ashe ta biyo mu tun daga gida ta fito ta tagar mota, ta tsaya a kan murfin gaba ta karkaɗe jikinta. Wani maroƙi da ke tsakiyar kirari, irin waɗanda bakinsu ya fi hankalinsu sauri, ya juya ya ɗaga murya:

"Ga uwar motoci ta zo ganin jikokinta!"

Wurin ya fashe da dariya. Alhaji ya taso, babbar rigarshi na jan ƙasa, fuskarshi kamar an watsa mata barkono.

"Malam, mene ne haka?"

"Ajiyarka ce, Alhaji. Kwana biyun sun cika."

"Yau? A gaban mutane? Ni za ka yi wa haka? Ni?"

"Wallahi ban san da taro ba. Ka nuna mani inda zan sa ta, in wuce."

"Ba na so! Kwashe tsiyarka ka bar mani ƙofar gida! Na ba ka ita, na ba ka duniya da lahira, ka je ka ci!"

Shekaru ina jiran kalmar nan. Na san halin Sale, in ya huce gobe zai ce bai faɗa ba, mota ta koma ƙofata. Sai na juya wajen rumfa na ce, "Jama'a, kun ji ya ba ni?" Limamin unguwarsu, da ke zaune gaba, ya ce, "Mun ji." Wannan tambayar ita ce Alhaji ya kasa yafewa, ya ce na kafa mashi shaidu kamar a gaban alƙali. Ni kuwa har yau ban ga yadda kyauta ke tabbata ba tare da an ji ta ba.

Ban dawo da ita gida ba. Bayan kasuwa muka ja ta, Audu ya kira 'yan'uwanshi maƙera, kafin la'asar ta washegari babu abin da ya rage sai tabon baƙin mai a ƙasa. Ban karɓi ko kobo ba. Na ce a ƙera abin da za a ƙera a raba wa mabukata, ladan Allah ya kai wa wanda ya saye ta da guminshi. Fartanyoyi suka shiga gonakin zawarawa, guga ya tafi rijiyar masallaci, kujerar ta zauna a zauren malaminmu na Mabai har ya rasu a kanta yake karantarwa. Abu ɗaya na riƙe: ƙarfen da ke haɗa ƙafafun baya, da ƙafafun. Audu ya ɗora mani katako a kai ya zama amalanken shanu, wanda kuka tashi kuka gani muna kai taki gona da shi. Mun zuba mashi man gyaɗa, mun zuba man kaɗanya, bai daina kukan nan ba.

Abin da ya biyo baya shi ne tsadar abin. Alhaji ya daina yi mani magana. In ya zo gaida mahaifiyarshi, Iya Tabawa, wadda ta ƙi bin shi birni ta ce ba ta barin ɗakin da mijinta ya bar ta, sai ya zagaya ta bayan gari don kada ya bi ƙofata. In mun haɗu a jana'iza ya miƙo mani yatsu biyu yana kallon wani wuri. Mutanen da suka sha lemunshi suka riƙa kirana butulu, wasu suka janye 'ya'yansu daga karatu a wurina. Arzikin nashi kuwa, da aka ce yana cikin mota, sai ma ya ƙaru, ya sayi motoci ya ƙara. Na yi zaton wannan zai sa ya gane mai zane ƙasa ƙarya ya yi mashi, ya zo mu yi dariya. Ina! Mutum ya fi saurin yafe maka in kai ne ka yi kuskure.

Ana nan, wata damina mai ruwa sosai, Iya Tabawa ta kwanta ciwo, numfashi ya riƙa yi mata wuya. Aka aika Ƙanƙara. Alhaji ya taso da sabuwar motarshi ta shiga, doguwa mai kwance da ƙasa, irin wadda ko tudun tururuwa ba ta hawa. Ta iso bakin rafi ta tsaya, ta ce nan ta kawo. Ya bar ta can, ya tuɓe takalmi ya ratso ruwa da ƙafa. Da hantsi ina zaure sai na ga inuwa a ƙofa. Alhaji ne, shaddarshi jiƙe da laka har ƙugu, takalmi a hannu. Ya yi sallama, na amsa. Ya tsaya. Duk unguwar ni kaɗai ke da amalanke, kuma ya sani, na kuma san ya sani. Na ajiye alƙalami ina kallonshi, kuma ba zan ɓoye muku ba, ina jira ne in ji yadda zai fara. Sai muryar innarku ta bayan katanga:

"Malam, in ka gama kallon baƙon, shanun na nan a turke. Ni na riga na fitar da katifa."

Muka shimfiɗa katifar a kan amalanke, aka ɗauko tsohuwa aka kwantar, aka lulluɓe ta. Ni a gaba riƙe da igiyar shanu, Alhaji a gefe yana riƙe da hannunta. Muka shiga rafi, ruwa har ƙirjin shanu, suka ja, suka turje, suka sake ja, ƙafafun suka kama ƙasa muka haura. Muna hawa tudu sai ƙafar baya ta saki kukanta. Ƙii-ƙii. Alhaji ya tsaya cak. Ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashin amalanken, ya daɗe, ya ɗago.

"Malam. Ita ce?"

"Abin da ya saura."

"Har yanzu ba ku sa mata mai ba?"

"Mun sa. Halin mai ita ta ɗauko, ba ta jin magana."

Iya Tabawa, da muke zaton ba ta san inda take ba, ta buɗe ido ta ce, "Sale ne ya zo da motar?" Ya ce, "Ni ne, Iya." Ta ce, "Na ji kukanta." Sai na ga Alhaji ya juya fuska yana share ido da hannun riga, laka ta shafe mashi gemu.

Muka sa ta a sabuwar motar. Allah ya yi da sauran kwananta, ta yi jinya ta dawo, ta ƙara shekaru tana zagin jikoki. Amma kafin ya tayar da mota a bakin rafin nan, Alhaji ya sa hannu a aljihu. Na ce in ya fito da abin da ke ciki, zan je in nemo tunkiyar da ya kore ni da ita in ɗaure mashi a sitiyari. Ya fito da hannun wayam, ya miƙo mani shi duka, ba yatsu biyu ba.

"A rafin nan na ƙetare da taka uwar 'ya'yan," ya ce.

"A shi na ƙetare da taka mahaifiyar."

"Tau mun rabu, ba mai bin wani bashi?"

"Mun rabu, Sale. Sai dai abu ɗaya. In wannan ta tsufa, ka nemi wani malamin."

Ya yi dariyar nan tashi ta da, har yana buga murfin mota. Allah ya jiƙan Sale, ya sa fartanyoyin nan su yi mashi nauyi a mizani.